Masu Ɗiban Ruwa Su Suka Sani

Karatu: Yohanna 2:1-11

Ɗan'uwa, in ka sauka a Gadarif, ƙasar dawa da riɗi a gabashin Sudan, mai yiwuwa a tarbe ka da jan zoɓo, wanda suke kira karkade. Ido ba ya sanin tsaminsa, sai harshe.

A bikin Kana ruwan inabi ya ƙare, ango yana gab da shan kunya. Uban biki ya ɗanɗana abin da aka kawo masa, ya yaba, amma bai san inda ya fito ba. Barorin da suka cika tuluna shida da ruwa, su suka sani. Wannan yakan taɓa zuciyata ƙwarai.

Da yaƙi ya ɓarke a 2023, dubban mutane suka gudo Gadarif daga Hartum, ga kuma 'yan gudun hijirar Habasha da suka shigo jihar a 2020. Wataƙila kai ma abin gidanka ya kusa ƙarewa, ga baƙo a ƙofa. Kada ka jira sai ruwan ya yi ja. Ɗeba ka kai masa.

Addu'a: Ya Yesu, ka tuna da masu ciyar da baƙi a Gadarif, kada tulunsu ya bushe. Amin.