Haƙƙin Manomi Ne Ya San Labarin Kasuwa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, Mai saukar da ruwan sama, Mai raya ƙasa bayan mutuwarta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, akwai wata mas'ala ta ciniki wadda ta cancanci a tsaya a kanta a wannan mako. Ga ɗan kasuwa ya sami labarin da zai tayar da farashin hatsi gobe, manomi kuwa bai samu ba. Sai ya tafi ya saye hatsin a kan farashin yau, bai ce uffan ba. Bai tauye mudu ba, bai yi algus ba, bai yi rantsuwar ƙarya ba, kuma manomin da bakinsa ya ce ya sallama. To, shin wannan riba tsarkakakkiya ce? In kuwa akwai zalunci a ciki, wa ke da alhakin kawar da shi?

Wannan tambaya ta taɓa girgiza ƙasa sukutum, watau Amurka, a shekarar 1972. A waccan shekara tsananin sanyi da fari sun lalata amfanin gona a Tarayyar Sobiyet, hukumomin ƙasar kuwa suka rufe bakinsu game da girman asarar. A watan Yuli da na Agusta wakilansu suka shiga Amurka, suka riƙa ganawa da manyan kamfanonin hatsi, irin su Continental da Cargill da Bunge da Louis Dreyfus, kowanne shi kaɗai a asirce, ta yadda ko kamfanonin ma babu wanda ya san jimillar abin da ake saye. Kafin a farga sun ƙulla cinikin alkama fiye da tan miliyan 10, kusan rubu'in abin da Amurka ta noma a shekarar. Bugu da ƙari, gwamnatin Shugaba Nixon ta yarda ta ba su bashin dala miliyan 750 don sayen hatsi, sa'an nan ta biya kamfanonin tallafin fitar da alkama na wajen dala miliyan 300 daga kuɗin jama'a.

Manoman jihohin Tekzas da Oklahoma da Kansas su ne suka fara girbi, domin alkamarsu tana nuna tun watan Yuni. Da yawa daga cikinsu suka kai ta kasuwa suka sayar da araha, suna zaton kaya ya yi yawa, alhali kuwa mai saye mafi girma a duniya yana bakin ƙofa. Da labari ya fasu sai farashi ya kama hawa, kuma da wasu dalilai suka haɗu, kafin ƙarshen shekarar 1973 ya wuce ninki biyu. Wanda ya yi huɗa ya yi girbi ya tashi da kaɗan, wanda ya riga shi jin labari ya kwashi mai yawa. Hausawa sun ce kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

Shari'ar Musulunci ta san wannan matsala tun zamanin raƙumi da ayari. A Madina mutanen ƙauye da fatake sukan kawo abinci daga nesa, sai wasu 'yan birni su fita su tarye su a hanya, su saye kayan tun masu shi ba su iso kasuwa sun ji yadda ake ciniki ba. Wannan shi ne abin da malamai ke kira talaƙƙir rukban, watau taryen ayari, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana shi. A ruwayar Muslim daga Abu Huraira an ƙara da cewa idan aka saye a hanya, to, mai kayan yana da zaɓi idan ya iso kasuwa, ya zartar da cinikin ko ya warware shi.

Ya kamata mai karatu ya lura da wurin da aka rataya zaɓin nan. An rataya shi ne ga isowa kasuwa, domin a nan ne baƙo zai ji farashi da kunnensa. Ke nan yardar da ya bayar a hanya, cikin duhun rashin sani, Shari'a ba ta ɗauke ta yarda cikakkiya ba. Alƙur'ani mai girma, a Suratun Nisa'i aya ta 29, ya hana cin dukiyar juna da ɓarna, ya halatta fatauci wanda aka gina bisa yardar ɓangarorin biyu. Mutumin da ya sallama buhunsa a kan abin da ba zai taɓa karɓa ba da ya san abin da abokin cinikinsa ya sani, bakinsa ne kawai ya yarda.

Malaman fiƙihu sun yi saɓani game da wanda ake karewa da wannan hani, kamar yadda Ibn Rushd ya kawo a littafinsa Bidayatul Mujtahid. Imamu Shafi'i yana ganin mai kayan ake karewa, don kada a yi masa kamunga saboda jahilcinsa da farashi. Imamu Malik kuwa yana ganin mutanen kasuwa ake karewa, don kada mutum ɗaya ya kwashe arahar shi kaɗai ya bar sauran. Abin da ya faru a shekarar 1972 ya gaskata fahimtar duka biyu, domin manomi ya yi asara a gona, mai sayen burodi da nama kuma ya ɗanɗana tsada a birni. Cinikin da aka ƙulla a ɓoye ya cuci na farkon layi da na ƙarshensa.

Mai yiwuwa ne wani ɗan kasuwa ya kawo hanzari, kuma hanzarinsa abin saurare ne. Zai ce sanin kasuwa shi ne jarinsa. Ya yi tafiye-tafiye, ya kashe kuɗi, ya yi shekaru yana lura da damina da fari, yaya za a ce ya raba wa kowa abin da ya sha wuya ya samu? Kuma idan hasashensa ya ƙi ci, wa zai taya shi ɗaukar asara? Lalle Musulunci bai haramta riba ba, bai kuma yanke mata iyaka ba. Wanda ya dubi alamun da kowa ke iya gani, ya saya yana fatan tashin farashi, yana kuma iya faɗuwa, wannan fatauci ne halal. Amma wanda ya riƙe tabbataccen labari a aljihu, kamar an riga an sa hannu a kan cinikin tan dubu ɗari, sa'an nan ya je wa manomi da fuskar wanda bai san kome ba, wannan ba shi da wata kasada da ya ɗauka. Shirun da ya yi shi ne ya jawo masa ribar. Hadisin Hakim ɗan Hizam, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, ya rataya albarkar ciniki ne ga gaskiya da bayyanawa, ya kuma nuna cewa ɓoyewa da ƙarya suna shafe ta.

Imamu Gazali ya kawo wata hikaya a cikin Ihya'u Ulumid Din, a babin ladubban neman halal. Wani mutum daga cikin Tabi'ai yana zaune a Basra, yana da yaro a garin Sus. Yaron ya rubuto masa cewa annoba ta faɗa wa rake a bana, saboda haka ya sayi sukari. Sai ya saye sukari mai yawa daga hannun wani, lokaci ya zo, ya ci ribar dubu 30. Da dare ya yi sai barci ya gagare shi, domin ya san ya ɓoye wa ɗan'uwansa Musulmi abin da ya sani. Gari na wayewa ya kai wa mai sukarin kuɗin, ya gaya masa gaskiya. Mai sukarin ya ce ai yanzu ya ji, kuma ya yafe. Mutumin ya koma gida da kuɗin, amma zuciyarsa ba ta kwanta ba, yana tunanin kila kunya ce ta sa aka yafe masa. Sai ya sake komawa, ya yi ta roƙo har mai sukarin ya karɓa.

Wannan matsayi ne na masu tsantseni, kuma ba kowane alƙali ne zai tilasta shi ba. Kasuwa kuwa ba ta zama lafiya idan an dogara ga tsantsenin ɗaiɗaikun mutane kurum. A nan ne nauyi ya hau wuyan hukuma. Lokacin da farashi ya tashi a Madina, sahabbai suka roƙi Manzon Allah ya yanke musu farashi, sai ya ƙi, yana mai nuna cewa Allah ne Mai ƙaddara tsada da araha, kamar yadda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito daga Anas. Amma shi ne kuma ya shiga kasuwa da kansa, ya cusa hannunsa cikin tsibin abinci, ya tarar an ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa, ya umarci a fito da shi fili. Shi ne ya hana kore, watau mutum ya riƙa ƙara tayi ba da niyyar saye ba, don ya ruɗi wani. Daga nan za a gane hanyar da Sunna ta shata: a bar farashi ya bi halinsa, a tabbatar kuma kowa yana ganin abin da ke gudana.

Majalisar dokokin Amurka ta isa ga kusan wannan matsayi bayan ta sha wuya. A shekarar 1973 ta kafa doka wadda ta wajabta wa masu fitar da hatsi su sanar da Ma'aikatar Aikin Gona cinikin da suka ƙulla da ƙasashen waje. Cinikin da ya kai tan 100,000 na hatsi iri ɗaya, a rana ɗaya, zuwa ƙasa ɗaya, tilas ne a kai rahotonsa washegari. Ma'aikatar kuma tana fitar da jimillar cinikin mako a kowace ranar Alhamis, kyauta, ƙaramin manomi da babban kamfani su gani a lokaci guda. Ba a hana kowa saye ko sayarwa ba, an dai kunna fitila a kasuwa.

Manomin ƙasar Hausa yana cikin irin wannan buƙata. Daga kasuwar Dawanau da ke Kano ake lodin gero da dawa da masara da wake zuwa ƙasashen maƙwabta, riɗi da zoɓo kuwa har su ƙetare teku. Babban dila ya san yawan motocin da aka yi oda, ya san farashin bakin iyaka a Jibiya da Maigatari da Illela. Manomin da ke ƙauye kuwa sau da yawa abin da ya sani shi ne abin da wakilin dila ya gaya masa a bakin masussuka, ga bashin taki, ga hidimar iyali da kaka. Wani bincike da wata masaniyar tattalin arziki, Jenny Aker, ta yi a Jamhuriyar Nijar ya nuna cewa shigowar wayar hannu tsakanin 2001 da 2006 ta rage bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Idan kiran waya tsakanin 'yan kasuwa ya yi wannan aiki, ina ga a ce hukuma ta riƙa sanar da kowa?

Saboda haka wajibi ne shugabanni su ɗauki wannan a matsayin wani reshe na hisba. A riƙa tattara farashin manyan kasuwanni da yawan abin da aka fitar waje, a karanta a rediyo da harshen da manomi ke ji, a kan lokaci, tun bai ɗaure bakin buhu ba. Ma'aikacin da aka ɗora wa wannan aiki amana aka ba shi. In ya tsegunta wa abokinsa kafin jama'a su ji, ya zama ɗan taryen ayari da biro da takarda. Shugabannin kasuwa da dillalai su tuna cewa faɗa wa baƙo gaskiyar farashi nasiha ce, nasiha kuwa addini ce. Manomi shi ma ya tashi ya tambaya kafin ya sallama, ya haɗa kai da 'yan'uwansa don kada matsi ya sa kowa ya zubar da kayansa a mako ɗaya, gama rashin sani ne ya sa kaza ta kwana da yunwa a kan dami.

Allah Ya ba shugabanni ikon riƙe amana, Ya sanya wa 'yan kasuwa albarka a cikin halal, Ya ba manoma damina mai kyau da kasuwa mai adalci. Allah ne Mafi sani.