Tsufa Aibi Ne Ko Girma?

'Yan'uwa ɗalibai, akwai wata tiyata da ta daɗe a ƙasashen Turai da Amurka, wadda yanzu ta fara shiga ran masu hali a ƙasar nan, watau ɗame fatar wuya don a ɓoye tsufa. Likita yakan tsaga bayan kunnuwa da ƙarƙashin haɓa, ya ɗaure tsokar wuya da ta saki, ya rage kitse, ya yanke rarar fata, sa'an nan ya ɗinke. Tambayata ita ce, me mutum ya saya da kuɗinsa, kuma har yaushe?

Su kansu likitocin sun ce aikin yakan riƙe kimanin shekara 10 zuwa 15. Tsufa kuwa ba ya tsayawa, fata za ta ci gaba da saki, sai a haƙura ko a koma ƙarƙashin wuƙa. Mu mutanen Funtua mun san wannan a katangar ƙasa: ka yi mata yaɓe ta yi kyau, damina ta zo ta wanke, amma shekarun katangar suna nan. Daɗin daɗawa, jini yakan taru ƙarƙashin fata, jijiyar da ke motsa leɓe tana iya taɓuwa, mu baƙar fata kuma tabonmu ya fi saurin yin tudu. Ba mu manta da Stella Obasanjo ba, wadda ta rasu a Sifen a 2005 bayan tiyatar zuƙe kitse. Ba aikin wuya ba ne nata, amma ya nuna wuƙar ado ma wuƙa ce.

Kada a ce ina ƙin ilmin likita. A Sakkwato akwai asibitin da aka buɗe a 1999 don yaran da cuta mai zaizaye baki da fuska ta kama, inda irin wannan gwaninta ke mayar wa yaro da fuskarsa har ya iya cin abinci. Wannan gyara ne, domin cuta ce ta yi ɓarna. To, wace ɓarna tsufa ya yi?

A wajen Bahaushe tsufa muƙami ne. Tsohuwar da ta ƙare ƙuruciyarta tana tsinkar auduga tsakanin Funtua da Malumfashi, saboda furfurarta da tamojin wuyanta ake durƙusa mata, ake kiranta Iya, ake kai mata rikicin aure ta kashe. Wanda ya shafe waɗannan alamu, ƙuruciya ba ta dawo masa ba, girman da ya kamata ya gada kuma ya ture shi da hannunsa.

Wani zai ce jikinsa ne, kuɗinsa ne, kuma ai mu ma muna sa lalle da kwalli. Gaskiya ne, amma lalle ba ya musun shekarun mai shi. Ni a ganina babban laifin yana kan jama'ar da ta fara sa dattijo jin kunyar wuyansa. In mu samari muka riƙa yi wa tsufa dariya, mu sani kanmu muke haƙa wa rami, domin duk wanda Allah ya ja kwanansa can zai je. Allah ya ba mu tsufa mai albarka, amin.