Maganin Zafin da Allah Ya Ajiye a Jikinmu

 

Ya ƴan'uwa Musulmi, ku sani Allah Ya ajiye maganin zafin ciwo a jikin kowane ɗan Adam. A shekarar 1975 masana biyu, John Hughes da Hans Kosterlitz, suka gano shi a Jami'ar Aberdeen ta Birtaniya, aka raɗa masa suna ankefalin. Sinadaran amino asid biyar ne a jere kamar ƴaƴan tasbaha. In ciwo ya tsananta sai jiki ya sake shi, ya zauna a wasu gurabe na ƙwaƙwalwa da laka, ya rage saƙon zafin. Cikin mintoci kaɗan jiki ya narkar da shi, bai ƙetare gwargwado ba.

To, waɗannan guraben ne tramol ke mamayewa sa'o'i da yawa. Wanda ya maishe shi abincin kullum, gurabensa kan dakushe, ƙwaya ɗaya ta daina isarsa. In ya rasa, jiki ya ɗau ciwo. In ya zarce, ya faɗi yana jijjiga, har numfashi na iya tsayawa. Muna ganin haka cikin samarinmu a nan Damagaram, daga Birni har Zango.

Shan sa bisa umarnin likita halal ne, shan sa domin maye haramun ne. Iyaye, wanda ya kamu kada mu kore shi, mu kai shi asibiti. Allah Ya shirya mana zuri'a, amin.