SUNAN DA BABU MAI IRINSA

Jiya da safe a wajen wani raɗin suna a Badawa, uban jaririya ya raɗa min sunan da za a sa mata. Na ce, "Alhaji, mene ne ma'anarsa?" Ya yi dariya: "Wallahi Malam, uwarta ce ta gano shi a waya. Wai babu mai irinsa a dangi."

'Yan uwa, baƙon suna ba haramun ba ne. Allah da kanSa Ya ba Annabi Yahaya sunan da ba a taɓa sa wa kowa ba kafinsa. Amma fa ma'ana ake fara dubawa.

Ya zo a Sahihu Muslim, wata 'yar Sayyidina Umar sunanta Asiya, mai ainun da sadun, wato mai saɓo. Manzon Allah (SAW) ya mayar da shi Jamila. A bakin Bahaushe kuwa, wannan da sunan Asiya matar Fir'auna duk ɗaya ne. To ina ga wanda aka tsinto a waya?

Ku burgewar kwana ɗaya kuke nema, ita kuwa za ta amsa shi har tsufa. Ku tambayi masana kafin a yanka rago.

Allah Ya raya mana zuri'a.