Nafaka Bashi Ce A Wuyan Miji

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu.

Bayan haka, ciyar da mace da tufatar da ita wajibi ne a kan mijinta gwargwadon ƙarfinsa, kamar yadda Suratuɗ Ɗalaƙ ta bayyana. Da Hindu 'yar Utba ta kai kukan rowar Abu Sufyana, sai Manzon Allah ya yarje mata ta ɗebi abin da zai ishe ta da ɗanta, bisa adalci.

A ƙasar Indiya, a 1978 wani lauya na garin Indore ya saki matarsa Shah Bano, tsohuwa mai 'ya'ya biyar. A 1985 Kotun Ƙoli ta tabbatar mata da haƙƙin ciyarwa, al'amarin da ya jawo jayayya tsakanin malaman ƙasar. Dokarsu ta 1973, da wadda ta maye gurbinta a 2024, sun bai wa majistare ikon sa a kama dukiyar mai taurin bashin nafaka, ko a ɗaure shi har wata guda. Amma tilas matar ta nemi haka kafin shekara ta cika da ranar da ya kamata a biya ta.

Malaman Hanafiyya, mazhabar akasarin Musulmin Indiya, sun ce da zarar alƙali ya yanke nafaka ta zama bashi. To, wanda ya zille wa majistare yau, ina zai ɓuya gobe Ƙiyama? Ya sauke nauyin tun yana da rai.

Allah Ya kiyashe bayinsa da cin haƙƙin raunana, amin.