TAKOBIN JAPAN A BANGON ƊAKI: ADO NE KO MAKAMI?

A cikin kayan da masu hali ke gasar saye a wannan zamani akwai takobin gargajiya na ƙasar Japan, wanda masu shi ke kira katana. Waɗansu sukan saye shi don su girke a ɗakin baƙi, waɗansu kuwa don su koyi sarrafa shi a makarantun wasan takobi da suka bazu daga Japan zuwa Turai da Amurka. Abin tambaya shi ne, shin makami yakan daina zama makami don kawai an mai da shi ado? In kuwa bai daina ba, wane nauyi ne ke hawa kan wanda ya zuba kuɗinsa ya kai shi gida?

Malamai sun ce ba a yanke wa abu hukunci sai an san kamanninsa. To, wannan takobi daga baƙin yashi mai tama ake fid da ƙarfensa, a narka shi da gawayi cikin tanderun yumɓu kwana uku, dare da rana, kamar yadda har yau ake yi a lardin Shimane. Maƙeri ya yi ta dukan ƙarfen yana ninkawa sau goma ko fiye, sa'an nan ya shafe shi da yumɓu, da kauri a baya, kaɗan a bakin kaifi, ya gasa, ya tsoma cikin ruwa. Ta haka kaifin ke yin tauri, bayan ya zauna da sauƙi don kada ya karye, wani zane mai kama da igiyar ruwa kuma ya fito a jikinsa. Ba a ba mutum izinin wannan ƙira sai ya shekara 5 a hannun gwani, kuma ba ya wuce dogayen takubba 2 a wata.

Mutanen Japan da kansu sun sha fama da tambayar nan. A 1876 gwamnatinsu ta hana mayaƙan gargajiya, watau samurai, yawo da takobi. A 1945, bayan an ci ƙasar da yaƙi, sojojin ƙawance suka ba da umurni a tattara makamai. Aka lalata takubba masu yawa, waɗansu kuma sojojin Amurka suka tafi da su gida. Cikin wannan ruɗani ne shahararren takobin nan Honjo Masamune, gadon gidan sarautar Tokugawa, ya ɓace bayan an miƙa shi ga 'yan sanda a Tokyo, har yau ba a gan shi ba. Abin da ya ceci saura shi ne hujjar da masu kishinsa suka kawo, cewa aikin hannu ne na gwaninta, kuma a 1948 suka kafa ƙungiyar kiyaye shi. Saboda haka a dokar 1958 hukumar ilmi ta lardi ce ke yi wa takobi rajista. Amma duk da haka dokar ba ta saki jiki ba: takardar rajista ba ta rabuwa da takobin, in ya sake hannu sai a sanar cikin kwana 20, kuma laifi ne a fita da shi ba da dalili ba. Watau an kira shi ado a ofis, an ci gaba da ɗaukarsa makami a kan titi.

A Musulunci halaccin mallakar takobi ba abin wahala ba ne. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana da takubba, cikinsu har da Zulfiƙar wanda ya samu ranar Badar. Ya bar Habashawa suka yi wasa da māsu cikin masallaci ranar idi, Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, tana kallo daga bayansa. Malaman Malikiyya ma sun yarda a yi wa takobi ado da azurfa. Wanda ya taɓa ganin mahayan hawan salla da takubba rataye a hamila ya san cewa ado da makami ba baƙon abu ba ne.

Wurin da ya kamata a tsaya shi ne ladubban da suka biyo bayan halaccin. An hana miƙa wa wani takobi a zare. An umurci mai ratsa kasuwa ko masallaci da kibau ya riƙe bakinsu. An hana nuna ɗan'uwa da ƙarfe, ko da kuwa uwa ɗaya uba ɗaya suke, har aka faɗi cewa mala'iku na la'antar mai yin haka sai ya bari. Mai lura zai ga ba a rataya ko ɗaya daga cikin waɗannan a kan mugun nufi ba. Dalilin da aka bayar shi ne mutum bai san sa'ad da Shaiɗan zai fizgi hannunsa ba. Ashe ke nan wanda ya ce shi don ado ya saya, ya faɗi niyyarsa ne kurum, kaifin kuwa bai ji ba. Gidan da ke da yara, da baƙi masu son a zare su gani, da ranar da rai ke ɓaci, lalle yana bukatar kube da makulli. A Ingila, da aka ga ana aikata laifi da kwaikwayon waɗannan takubba masu araha, sai aka hana cinikinsu a 2008, aka keɓe na ainihi da na 'yan wasa.

Su 'yan wasan sun fi masu ado fahimtar wannan. Masu karawa da juna da sandar gora suke yi, sanye da sulke. Masu koyon zarewa da mayarwa sukan fara da na katako ko na ƙarfe mara kaifi. In an kai ga gwada sara, naɗaɗɗiyar tabarma ake sara. Motsa jiki ne da horon zuciya, ba laifi. Sai dai a yawancin makarantun akan sunkuya wa malami da takobi, a waɗansu kuma har da wani ɗan dandamali na addinin Shinto da ke jikin bango. Na dandamalin nan Musulmi ba shi da hanya a ciki. Sunkuyon gaisuwa kuwa, wanda mutanen Japan suka ɗauka ladabi ne kawai, an ruwaito hani a kansa, malamai kuma sun saɓa tsakanin karhanci da haramci.

Sa'an nan ga ciniki. Mai sayen tsohon takobi suna yake saye fiye da ƙarfe, domin maƙeri yakan sassaƙa sunansa a gindin da ke shiga cikin ƙota, kuma tun ɗaruruwan shekaru ake sassaƙa sunayen manya a kan aikin ƙanana. Don haka ne ƙungiyar nan ta 1948 ke duba takubba tana ba da takardar shaida. Dillalin da ya san sunan jabu ne, ko ya san akwai tsaga a kaifi, ya yi shiru, algus ya yi, daidai da mai hatsin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa. Mai saye kuma ya auna aljihunsa, gama almubazzaranci gwargwadon halin mutum ne da haƙƙoƙin da ke kansa. Sahabi Abu Umama, Allah Ya yarda da shi, ya taɓa tuna wa mutane cewa waɗanda suka buɗe ƙasashe ba zinariya ko azurfa ce adon takubbansu ba, jijiya ce da darma da baƙin ƙarfe.

Amma mafi nauyin al'amarin yana ga tarihin da wani takobin ke ɗauke da shi. A 1937 jaridun Japan sun yi ta yayata labarin hafsoshi biyu da aka ce suna gasar wanda zai fara kashe mutum 100 da takobi a hanyar Nanjin ta ƙasar Sin. An yi musu shari'a bayan yaƙi, aka kashe su a 1948. Takubban hafsoshi na wancan yaƙi suna nan a kasuwa. Tun kafin wannan ma, a zamanin mulkin Tokugawa, akan gwada kaifin takobi a kan gawawwakin waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa, har akwai gidan da ya gaji wannan sana'a, gidan Yamada. Wani lokaci a jera gawa biyu ko uku a sare su da sara ɗaya, a rubuta sakamakon a gindin takobin, sau da yawa da zinariya. Yau irin wannan rubutu ƙara wa takobi kuɗi yake yi wurin gwanjo.

Ƙarfe dai ba ya ɗaukar zunubi, kuma wanda ya saya bai sari kowa ba. Gidan adana kayan tarihi da ya ajiye irinsa don a sani, ya yi daidai. Amma shari'ar da ta hana wulaƙanta gawa ko a fagen fama, ta kuma daidaita karya ƙashin mamaci da karya na mai rai, ba za ta rasa tambayar mai saye ba: ƙarin kuɗin nan da ya biya, na mene ne? In shaidar ingancin ƙira yake nema, takardar masana ta ishe shi. In kuwa abin da ke faranta masa rai shi ne ya cire ƙota ya nuna wa baƙi adadin jikin da aka raba, to, alfahari yake yi da abin da addininsa ya ƙi. A rubutun nan akan sa sunan wanda ya yi saran, da ranar da aka yi, da gaɓar da aka sara, da yawan gawawwakin. Sunan mutanen da aka jera ne kaɗai ba a sawa.