Talanti A Hannun Yaro



Misalin talanti, wanda ke cikin Bisharar Matiyu sura 25, Ekklisiya takan karanta shi a watan Nuwamba sau ɗaya cikin shekara uku, wato daidai lokacin kaka. Maigida ya raba dukiyarsa ga bayi uku: biyar, biyu, ɗaya. Biyu suka juya nasu ya ninka. Na ukun ya haƙa rami ya binne. Bai ci ko kwabo ba, duk da haka shi aka hukunta, domin tsoro ya hana shi aiki.

Mu lura, maigidan ne ya fara sakin kuɗin. Yawancinmu muna son ɗa mai riƙon amana, amma ba mu taɓa danƙa masa komai ba sai kuɗin aike. Ina zai koya?

Ga shawarata. Yaro ko yarinya mai shekara 14 ko 15, a ba shi jari kaɗan, ko da naira 10,000 ce. Ya sayi gyaɗa ko wake lokacin kaka da suke araha, ya adana da kyau saboda ƙwari, ya sayar da bazara. A haɗa masa da littafi: abin da ya saya, kuɗin mota, abin da ya samu. Kowace Lahadi bayan Misa uba ko uwa su zauna su duba tare da shi. Daga ribar ya cire baikonsa da hannunsa.

Ajiye kuɗi ƙarƙashin katifa ma binnewa ce. A Disamba 2024 hauhawar farashi a ƙasar nan ta wuce kashi 34 cikin 100. Kuɗin da ya kwanta shekara guda ya tashi a rame.

Zai iya faɗuwa, gaskiya ne. Mun tuna Satumba 2021, da gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako saboda 'yan bindiga, har manyan 'yan kasuwa suka yi asara. Shi ya sa jarin ya zama wanda gida zai iya jure rashinsa. In ya faɗi ba da wasa ba, kada a dake shi. A buɗe littafin a ga inda kuɗin ya bi.

Mun kuma san masu neman yaranmu da kuɗi don su zama 'yan leƙen asirinsu. Su ba sa jiran yaro ya girma kafin su sa masa kuɗi a hannu. Iyayen da ba su da hali su yi magana da katikis ko Zumuntar Mata, a haɗa adashi kafin farashin gyaɗa ya tashi.